Ganyen Madan da Ciwon Kan Mai Garka

Da sunan Allah, wanda ya saukar da ciwo ya saukar da magani. Na daɗe ina riƙe da wanga zance a ciki. Abin da ya buɗe bakina shi ne, ranar kasuwar Madawa da ta wuce, jikata ta shigo da wani ɗaurin ganye cikin kwandon cefane. Tun ba ta aje ba hancina ya gane shi. Na ce, "Ke, wa ya aike ki?" Ta yi dariya ta ce, "Kaka, seleri ne fa. An ce maganin ciwon kai ne." An ce! Wannan "an ce" ita ta kusa sa ni takaba ina da goyo a baya. To ku zauna ku ji, don ni da hannuna na yi kusan wata biyu ina ɗura wa mijina abin da ke neman ranshi, ina kuma yabon kaina wai jinya nake yi.

Sunan mijina bai taɓa fita bakina ba, ba kuwa yau zai fara ba. Mutanen Madawa Mai Garka suke ce mishi. Ɗan Tabotaki ne. Aikin tilas ya kawo shi bariki, Nasara sunka ga hannunshi yana da albarka wajen shuka, sunka riƙe shi a garkar kumandan, wato lambun baturen mulki, da ke bakin fadama. Ni kuwa daga Bangi anka kawo ni, shi ya sa yake kirana Ta-Bangi. Gidanmu Anna ne a da, ba na ɓoyewa, ubana ne ya fara salla a zuriyarmu. Kakata ta san itace da saiwa, har daga nesa ake zuwa wurinta. Da ta rasu ta bar mini rabin saninta da girman kanta duka. Abu biyu na riƙe daga bakinta. Na ɗaya, ganyen da ƙamshinshi ke hawa kai ba ya rasa magani. Na biyu, in ka ba da magani ka ga ciwo ya tashi, kada ka tsorata, wuta ya ji yana neman ƙofar fita, sai ka ƙara.

Shekarun yaƙin Nasara ne, lokacin da anka rufe hanyar ƙasar da Ingilishi ke mulka a kudu da mu, zane ya yi wuya, komai ya yi tsada. Da sanyi ya shigo, matar kumandan, wadda kowa ke ce wa Madan, ta ba Mai Garka wani iri ƙanana cikin ƙunshin takarda. Ya shuka, ya yi ta ban ruwa safe da yamma, abu ya fito kore shar. Kukun gidan, wani Tanko, karan kawai yake yanka ya kai tukunya, ganyen ya watsar. Mai Garka kuwa mutum ne da ba ya iya ganin ɓarna. Wata rana ya ƙunso ganyen a bakin rigarshi ya ce, "Ta-Bangi, gwada wanga a miya, kada wahalata ta tahi ga awaki."

Na sa a miyar busasshiyar kuɓewa. Wallahi ta yi ƙamshi, har maƙwabciyata ta leƙo ta kan darni tana tambaya ko nama munka samu. Na ci, yarinyata da ke koyon cin tuwo ta lasa, ba abin da ya same mu. Shi kuwa loma kaɗan ya yi ya tsaya yana goga harshe a haƙori. Ya ce bakinshi na ƙaiƙayi. Na ce barkono ne. Kafin in gama wanke kwanoni ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce gefe guda ne ke sara, daga bayan ido har ƙeya. Ya kwanta, na jiƙa tsumma na ɗora mishi. Gari ya waye ya tashi garau ya tafi aiki. Munka ce rana ce ta buge shi, tun da a tsakiyarta yake wuni.

Makon farko sau uku haka ta faru. Yau in na waiwaya, duk ranar da ganyen ya shiga tukunya ne. A lokacin ko kusa hankalina bai je can ba. Yo abin da na ci da bakina, na ba ɗiyata?

A ƙarshen makon Tanko ya zo duba shi. Yana zaune a ƙofar ɗaki ya hangi ganyen a faifai, ya ce, "A'a, kuna da magani a gida kuna wahala? Madan ma ruwanshi take sha, ta ce yana wanke jini." Bai faɗa da mugunta ba, Allah ya jiƙanshi, abin da ya ji ya faɗa. Amma maganar ta faɗa kunnen da ke jiranta. Na tuna kakata, na ce ashe! Tun daga ranar na daina tsayawa ga miya. Kullum da hantsi, kafin ya koma garka, sai na tafasa ganyen cikin 'yar tukunya har ruwan ya yi duhu, in tace, in miƙa mishi cikin ƙoƙo.

Mako na biyu leɓɓanshi sunka fara kumbura. Borin jini ya fito mishi a wuya da ƙirji, yana susa har yana jin ciwo. Kan kuwa ba a magana. In ya tashi, ko haske ba ya son gani, ko kukan yarinya ba ya son ji, sai in goya ta in fita waje in yi ta zagaye. Duk da haka bakina bai daina aiki ba. Nakan ce mishi, "Ka gani? Ga shi nan yana fita ta fata. Daure." Na ƙara yawan ganyen. Kai, Allah ya raba mu da rabin sani.

Mako na uku ya kasa ɗaukar tulun ban ruwa, munka tafi likita. Tun da asuba munka kama layi, amma mun iske mutane cike da inuwar bangon: masu kurkunu, masu miki, mata da 'ya'ya masu zazzaɓi, wasu sun kwana biyu a hanya. Rana ta take, Mai Garka ya rufe fuska da rawani ya jingina da bango, ni ina tsaye ina kare mishi rana da zanena. Sai gab da azahar anka kira mu. Babban ma'aikacin wurin, wanda ake ce wa majo, baƙar fata ne daga ƙasashen bakin teku, Hausarshi a karye take amma yana ƙoƙari. Ya ɗaga fatar idon Mai Garka, ya duba harshe, ya taɓa kumburin. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Mi yana ci?"

Na ce, "Tuwo da hura, kamar kowa."

Ya ce, "Ba wani abu?"

Na ce, "Babu."

Ku ji fa. Mutumin nan ya aza yatsa daidai kan ciwon, ni na ture. Dalilina biyu ne. A wurina ganyen ba abinci ba ne, magani ne, shi kuwa abinci ya tambaya. Sannan duk wanda ya taɓa zuwa likita a zamanin nan ya sani, in ka ce ka ba mara lafiya jiƙo ko tsimi, faɗa za ka sha a gaban jama'a, wani lokaci a kore ka. Kowa ɓoyewa yake yi. Majo ya girgiza kai, ya ce rana ce da zazzaɓi, ya ba mu kinin da wasu ƙwayoyi farare guda biyu, ya ce magani ya yi ƙaranci saboda yaƙi, kada mu zubar. Na gode mishi har yau, don ya tambaya. Ina kuma da ƙorafi, don da ba su saba wa mutane da tsawa ba, da na faɗi gaskiya. Muna fitowa gardi ya kori sauran layin, ya ce sai gobe.

Ƙwayoyin sun sassauta kan kwana ɗaya. Da sunka ƙare, ciwo ya dawo da ƙarfinshi, don ƙoƙona bai fasa zuwa ba.

Daga nan masu shawara sunka yi mana caa. Wannan ta ce a ɗaure kan da igiyar kaba. Waccan ta ce rijiyar garkar nan akwai masu ita, wato iskoki, ya ɗebi ruwa bai yi sallama ba. Malamin unguwa ya yi rubutu, ya sha kwana bakwai. Dangina na Bangi sunka aiko a yanka baƙin zakara a mararraba, na ji kunyar Mai Garka ban yi ba, daga baya tsoro ya ci ƙarfina na yi a ɓoye. Akuyar da na zo da ita gidan aure ta tafi wajen turare da sadaka. Duk wanda ya kawo nashi maganin sai in karɓa in gode, amma a zuciyata nawa ne babba, nasu 'yan rakiya ne.

A mako na biyar ya rame, wuyanshi ya fito, numfashinshi ya fara wani ƙara bayan ya sha. Na lura yana jan jiki in ya ga ƙoƙon. Yau ya ce bari ya huce, gobe ya ce cikinshi a cike yake. Wata rana ya dube ni ya ce, "Ta-Bangi, da kin huta da wagga dahuwa yau. Ki bari mu ga kwana biyu."

Ni kuwa na kwana ban runtsa ba, hannuna duk ƙuna, sai na fashe da kuka. Na ce, "Ka raina hannuna ke nan! Na Malam ka sha, na majo ka sha, nawa ne ba ka so. Don ni ɗiyar Anna ce?"

Ya miƙa hannu ya karɓa ya shanye. Ranar sai da na riƙe shi zaune har la'asar, don in ya kwanta numfashi ba ya wucewa.

Labari ya kai Tabotaki. Mako na shida sai ga uwarshi, Inna, bisa jaki, tare da ƙanenta Kawu Arzika, wanda wanzami ne. Inna mace ce doguwa mara yawan magana, kuma tun ranar da anka kai ni ba ta cika son auren ba. Kwana biyu ta yi tana zaune a gefen tabarma, ido kawai take zuba mana. Rana ta uku, ina fitowa da ƙoƙo, ta tare ni a ƙofa.

Ta ce, "Ke yarinya, na lura. Ɗana da sahe lahiya yake tashi. Sai kin ba shi wanga abu kanshi ke hawa. Mi na ciki?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ganyen garkar Nasara ne. Madan ma tana sha."

Ta ce, "Ganyen Nasara ba ya kashe mutum, ga su can suna ci suna ƙiba. Abin da kike ƙarawa ciki nike tambaya. Na san gidan da kika hito."

Wayyo, maganar nan ta dake ni. Na rantse, na yi kuka, ba ta ko dube ni ba. Tanko ya roƙi Madan anka ba Mai Garka hutu, sunka ɗora shi bisa jaki, Kawu yana riƙe da shi. Inna ta ce in zauna in tsare ɗaki. Da za su tafi Mai Garka ya waiwayo ya dube ni, leɓenshi a kumbure.

Kwana goma na yi ni kaɗai da yarinya. Maƙwabciyar da ta yaba miyata ta daina aiko ɗiyarta ɗibar wuta a murhuna. A rijiya in na iso sai hira ta mutu. Ranar kasuwa na tare masu jakuna na wajen Buza, inda Tabotaki take, ina tambaya. Wani ya ce, "Mai Garka? Ai ya tashi. Kawunshi ya yi mishi ƙaho a ƙeya, yanzu tuwo yake ci kamar ba shi ba."

Na yi hamdala, sai kuma wani tunani ya faɗo mini. In ya warke don ya bar hannuna, to maganar Inna ta tabbata ke nan. Na zauna ina saƙa da warwara, har na samo wa kaina mafita irin ta wawa. Na ce ai maganina ne ya tunkuɗo ciwon waje, ƙaho ya zo ya kwashe a sauƙaƙe. Kuma kakata ta sha faɗa cewa ciwon da ba a kashe saiwarshi ba yana komowa ya fi da. Saura ƙoƙo ɗaya ko biyu a gama. In ya sha a gaban Inna ya zauna lafiya, na wanke kaina, na kuma cece shi. Na ƙulle busasshen ganyen da na shanya na aje a bakin zane, na goya yarinya, na bi 'yan kasuwa. Kwana biyu munka yi a hanya, ƙafata duk ta fashe da duwatsun ƙasar Adar.

Na iske shi a ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya. Fuska ta cika, ido ya washe, ga shaidar ƙaho a ƙeya. Da ya gan ni ya yi murmushi ya karɓi yarinya. Inna ta ba ni ruwa, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta ce, "Kin zo, sannu. Amma murhuna ba ki taɓa shi."

Washegari da hantsi ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Na yi wuf na haɗa duwatsu uku a bayan rumbu, na tafasa ganyen, na cika hannu don busasshe ne, ina ganin ƙarfinshi ya ragu. Na tace a ƙoƙo na kawo mishi. Yana jin ƙamshin fuskarshi ta canza. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai ga Inna ta shigo. Ta dire tulu har ruwa ya fantsama.

"Kada ka sha!" Muryarta ta kai maƙwabta. "Kada ka sha abin hannunta! Ta biyo ka har ɗakin uwarka ta ƙarasa ka!"

Kafin ka ce kwabo kawunan mata sun jeru bisa darni. Ina durƙushe da ƙoƙo a hannu. Na ce, "Maigida, ka san ni." Ya dubi uwarshi, ya dubi matan, ya dube ni. Sai ya aje igiyar, ya karɓi ƙoƙon, ya yi bismilla, ya shanye.

Ban gama jin sanyi a raina ba abin ya fara. Wannan karon bai tsaya ga kai ba. Leɓɓa sunka haye, idanu sunka rufe, harshe ya cika baki. Ya kama wuyanshi da hannu biyu, numfashinshi yana fita da wani siririn fito. Inna ta ƙwalla ihu. Anka ruga anka kira Kawu Arzika, ya zo da zabirarshi a kafaɗa. Ya buɗe bakin da ƙyar ya leƙa, ya ciro askar da yake yanke beli da ita, ya tsaya yana dubawa, sai ya mayar. Ya ce, "Ba wurin sa ƙarhe. In na taɓa, jini zai toshe sauran hanyar." Ya sa anka zaunar da shi tsaye, ya jingina shi da ƙirjinshi, ya ce a yi ta zuba ruwan sanyi a wuya da ka, a yi fifita, kowa ya matsa ya ba shi iska.

Inna ta juyo kaina. Ta shiga bayan rumbu ta ɗauko tukunyar da sauran ruwan, ta dangwara a gabana. Ta ce, "Sha! In ba guba ba ta, sha!"

Na ɗaga na yi ta kwankwaɗa. Wallahi a lokacin fatana ya kashe ni, in riga shi. Na aje, na goge baki, munka tsaya. Ba abin da ya same ni. Wata daga kan darni ta ce, "Ɗiyar Anna ta, ta sha makari tun a hanya."

Inna ta dubi ɗanta, fuskarshi ta fara baƙi. Sai ta sunkuya ta ɗauki tukunyar. Ta ce, "Ni ban sha makarin kowa ba. In ɗana zai tahi, in bi shi da abin da ya kai shi." Ta shanye sauran har da tuƙar ganyen. Kawu ya yi tsawa, ina, ta riga ta haɗiye.

Haka munka zauna, ita a damanshi, ni a hagunshi, kowace tana riƙe da hannu guda, muna jiran mu ga wa zai fara faɗuwa. Rana ta hau tsaka. Ina ƙirga numfashinshi, duk wanda ya fita sai in ce shi ne na ƙarshe. Ban san addu'ar da ban yi ba, ta salla da wadda na ji a bakin kakata duk na haɗa, Allah ya gafarta mini. Yarinya tana ta kuka a hannun wata, ban ko waiwaya ba. Azahar ta yi, Inna tana zaune daram, ko gyatsa ba ta yi ba. Na ga ta fara taɓa leɓenta da yatsa tana dubana.

Kawu ne ya yi magana, a hankali, kamar mai tuna wani abu. Ya ce, "Na taɓa yi wa wani Buzu aski a wajen Keita. Mutumen nan in ya ci gujiya ko ƙwara guda, hakanan yake kumbura. Matarshi da ɗiyanshi suna ci lahiya lau. Ba sammu ba na, ba iska ba na. Jininshi na bai karɓa ba." Ya dube ni ya ce, "Ke, tun yaushe kike ba shi wanga ganye?"

Nan ne duhu ya yaye mini, kuma da ma bai yaye ba. Na ce, "Tun ranar da kanshi ya fara, Kawu. A'a, tun kafin ya fara." Na faɗi komai a gaban matan Tabotaki: miyar farko, maganar Tanko, ƙoƙon kullum, ƙaryar da na yi wa majo. Ina faɗa ina jin kowace kalma tana komowa kaina. Kawu ya ce, "Ashsha. Garin neman gira kin kusa rasa ido."

Sai wajen la'asar fiton nan ya fara sassautawa. Ido ɗaya ya buɗe kaɗan. Ya haɗiye miyau, munka ji ya wuce. Inna ta saki hannunshi ta tashi ta yi alwala. Ba ta ba ni haƙuri ba, har ta koma ga Allah ba ta taɓa tada zancen ba. Amma washegari da safe ta miƙo mini ludayi da ƙwarya ta ce, "Tashi ki dama mishi hura. Hura kaɗai."

Bayan mako guda munka komo Madawa, na ce sai mun koma likita, ko za a zage ni. Munka sake cin layi. Da munka shiga na kwance bakin zane na aza sauran ganyen a gaban majo, na ba shi labari. Ya riƙe kai. Ya ce, "Don mi ba ki faɗa?" Bai yi tsawa ba, kuma hakan ya fi tsawa ciwo. Ya ce a ƙasar Nasara ma akwai masu irin wannan jini, wani kai ne kawai ke sara mishi, wani wuya ke rufewa, kuma dahuwa ba ta kashe abin, shanya ba ta kashe shi. Ya nuna ganyen, ya nuna bakin Mai Garka, ya ce, "Antardi! Har mutuwa, antardi." Wato an hana. Kalmar ta zauna a gidanmu, har 'ya'yanmu sunka tashi suna kiran ganyen da ita.

To ga abin da nake son ku riƙe. Ban ce seleri guba ne ba. Na ci, Inna ta sha, jikata ma ta dafa nata ta ci lafiya. Amma in kun ba mutum wani abu, ganye ne ko mene ne, ya ce bakinshi na ƙaiƙayi, ko kanshi ya sara, ko leɓe ya tashi, ku janye hannu ku ga kwana biyu. Ba kowane ciwon da ya tashi ne ke neman ƙofar fita ba. In kuma likita ya tambaye ku, ku zazzage komai, faɗa ba ya kisa. Mai Garka ya ci gaba da shuka wa Nasara ganyensu har sunka bar garkar, bai ƙara kai shi baki ba, kuma irin wancan ciwon kai bai ƙara komowa ba har tsufanshi.

Saura abu guda, shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da munka fito daga wurin majo, muna tafe a hanyar fadama, yana gaba ina baya, na kasa haƙuri. Na ce, "Maigida, da mun sani tun farko."

Bai juyo ba ya ce, "Ni na sani, Ta-Bangi."

Na tsaya cak. Na ce, "Ka san mi?"

Ya ce, "Tun mako na huɗu na zargi ganyen. Jikina ne, ina jin lokacin da yake shiga. Na ce miki ki huta, kika yi kuka. Da na je Tabotaki na kwana goma ba shi, sai na tabbata. Ranar da kika kawo ƙoƙon nan, bakin da na buɗe, in gaya miki ne."

Na ce, "To don Allah, don Annabi, mi ya sa ka sha?"

Sai a nan ya juyo. Ya ce, "Inna ta ce guba ce, ga matan gari bisa darni. In na ture hannunki a gabansu, ƙaƙa za ki ƙara ɗibar ruwa a rijiyar Adar? Wa zai auri ɗiyarmu? Na ce a raina kai ne zai sara, in daure kamar kullum. Ban san zai kai wuya ba."

Na zauna a gefen hanya, a tsakiyar rana, na yi kukan da ban yi a Tabotaki ba. Ya tsaya yana jirana, yana kare mini rana da rawaninshi. Ni da na yi wata biyu ina cewa ina jinyarshi, ashe shi ke jinyata. Shekara arba'in da wani abu munka yi bayan haka, kuma ko ruwa zan miƙa mishi sai na tambaya, "Kana so?" In ya ce a'a, in mayar da ƙoƙona.